Ƙarfe biyu na dare, wa zai rubuta kalmar sirri? Fashin baƙi kan makullan SSH tsakanin sabar da sabar

Ɗan kasuwa mai sito a Maraɗi da ofis a Yamai, ƙungiyar da ke tattara rahoto daga Tasawa da Dakoro da Madarunfa, makarantar da ke ajiye sakamakon ɗalibai, duk buƙatarsu guda ce: kowane dare wasu fayiloli su tashi daga wannan sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana yi wa wasu hidima, su sauka a waccan. An fi son dare saboda an rufe lissafin ranar, rezo kuma ya yi sauƙi. To amma a lokacin kowa ya yi barci. Abin da ke tayar da aikin shi ne cron, manhajar Linux mai kunna umarni idan lokacinsa ya yi, ita kuwa ba ta da yatsun rubuta kalmar sirri. Idan sabar Yamai ta ce a kawo kalmar sirri, nan aikin zai tsaya.

Dabarar da aka fi saurin kamawa ita ce a rubuta kalmar a cikin fayil ɗin umarnin, a haɗa da sshpass ko expect su riƙa miƙa ta. Tana aiki, shi ya sa take da wuyar bari. Sai dai yawanci kalmar nan ita ce dai wadda ma'aikacin yake shiga da ita, wani sa'in ma ita ce ta imel ɗinsa. Fayil ɗin umarnin kuma yawo yake yi: a kwafa shi a filasha, a tura wa abokin aiki ta WhatsApp don ya duba kuskure. Bayan haka, muddin ana karɓar kalmar sirri a ƙofar sabar, masu gwada sa'a ba za su huta ba. Duk wanda ya taɓa buɗe /var/log/auth.log a sabar da ke fuskantar intanet ya ga jerin injinan da ke gwada sunayen asusu irin su root da admin da test dare da rana. Masu amfani da FTP, tsohuwar hanyar aika fayiloli, kuwa nasu ya fi muni, don shi kalmar sirrin ma a fili take tafiya kan waya.

Wannan matsala ta ƙarshe ce ta haifi SSH. A 1995 aka yi wa jami'ar fasaha ta Helsinki a Finland kutse, aka riƙa tsintar kalmomin sirri suna wucewa a kan layi. Wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta manhajar da ke kulle duk hirar da ke tsakanin kwamfutoci biyu, ya nemi ƙofa mai lamba 22, tsakanin 21 ta FTP da 23 ta telnet, waɗanda yake son maye gurbinsu. Wadda kusan kowa ke amfani da ita yau ita ce OpenSSH, da masu aikin OpenBSD suka fitar a ƙarshen 1999. A cikinta akwai hanyar shiga da makulli, kuma ita ce maganarmu.

Makullin kashi biyu ne, ana ƙera su tare. Akwai na sirri, wanda ba ya barin injin da aka ƙera shi a ciki. Akwai na fili, layi ɗaya na rubutu, da ake kaiwa sabar da ake son shiga a liƙa shi cikin fayil mai suna authorized_keys. Lissafin da ya haɗa su mai tafiya ɗaya ne: daga na sirri ana fitar da na fili cikin ƙiftawar ido, amma daga na fili ba a iya komowa baya. Tunanin ya samo asali daga aikin Diffie da Hellman na 1976 da tsarin RSA na 1977. Lokacin shiga, sabar Maraɗi takan ce tana da makulli kaza. Ta Yamai ta duba authorized_keys, in ta ga layin, sai ta jira hujja. Ta Maraɗi ta sa hannu da makullin sirri a kan wasu bayanai da suka ƙunshi lambar wannan zama kaɗai, ta Yamai ta tantance sa hannun da makullin fili. Sirrin kansa bai taka waya ba. Wanda ya naɗi sa hannun ba zai ci moriyarsa gobe ba, don lambar zaman ta canza. Ko da ɓarawo ya kwashe authorized_keys baki ɗaya, abin da ya samu bai buɗe komai.

A sabar da za ta aika ake ƙera shi:

ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/ajiya_yamai -N "" -C "ajiyar dare daga sabar Maradi"

Ed25519, nau'in makullin da muka zaɓa, ya shigo OpenSSH a sigar 6.5 cikin 2014, kuma tun sigar 9.5 ta 2023 shi ssh-keygen ke ƙerawa in ba a faɗi nau'i ba. Gajere ne, yana da sauri, ba ya kuma buƙatar zaɓen girma. RSA bai mutu ba, ana komawa gare shi idan ɗaya ɓangaren tsohon inji ne da bai san Ed25519 ba, amma a sani cewa tun sigar 8.8 ta 2021 an daina karɓar tsohon sa hannunsa mai dogaro da SHA-1. Shi ya sa wani zai sabunta sabar, washegari ya tarar aikin da ya shekara yana tafiya ya ƙi. DSA kuwa a manta da shi, an cire shi gaba ɗaya a sigar 10.0 ta 2025. Bayanin da ke bayan -C kada a yi masa rowa, za mu ga amfaninsa can gaba.

Sai a kai rabin fili:

ssh-copy-id -i ~/.ssh/ajiya_yamai.pub ajiya@sabar-yamai

Wannan ne karo na ƙarshe da za a rubuta kalmar sirri. Minti biyar ya isa duka, kuma nan yawancin masu koyarwa ke tsayawa. Ni a ganina nan aikin ya fara.

Dubi wancan -N mai alamomin zance biyu ba komai a tsakaninsu. Ma'anarsa makullin sirri yana kwance a faifai ba a kulle shi da wata jimlar kariya ba. Duk wanda ya iya karanta fayil ɗin ya zama sabar Maraɗi a idon sabar Yamai. Ana iya sa masa jimlar kariya a loda shi cikin ssh-agent, manhajar da ke riƙe makulli a buɗe bayan an rubuta jimlar sau ɗaya, amma agent ɗin a ƙwaƙwalwar inji yake riƙe shi, da zarar inji ya mutu ya tashi sai mutum ya zo ya sake rubutawa. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan ƙaramin abu ne. Mu da muka ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, mun san sau nawa sabar kan mutu ta tashi a mako guda, ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke gajiyar da batura. Ajiyar da ke jiran mutum bayan kowace ɗaukewar wuta za ta riƙa tsallake dare ba wanda ya sani. Don haka ga aikin dare na yarda da makulli marar jimlar kariya, da sharaɗi: a ɗauka tun yau cewa wata rana za a sace shi, a tsara abin yadda ɓarawon ba zai samu abin kirki ba.

Wani alhaji mai harkar kayan masarufi, da aka gaya masa sababbin sabar ɗinsa za su riƙa magana da juna ba kalmar sirri, sai ya ajiye shayinsa ya ce wa yaron da ya haɗa aikin: "Kai ɗan nan, ka cire kwaɗo ka ce ka ƙara tsaro?" Yaron ya ce: "Alhaji, ɗan dakon da ke kawo buhuna ai ƙofar sito ake buɗe masa, ba a ba shi makullin ofis. Wannan makullin iyakarsa ya sauke kaya ya fita." Amsar ta yi, amma sai in da gaske an yi wa makullin wannan iyaka. Yadda ssh-copy-id ke barinsa, makullin ofis ne.

Iyaka ta farko, a buɗe asusu na musamman don wannan aiki, ba root mai cikakken iko a kan inji ba, ba kuma asusun wani ma'aikaci ba. Na taɓa duba wani ofishi inda makulli guda na root aka kwafa a duk rassa, har da kwamfutar tafi-da-gidanka ta wani da ya bar aiki tuntuni. Reshe ɗaya ya faɗi, duk sun faɗi ke nan. Kowane aiki da makullinsa, kowace sabar da nata.

Iyaka ta biyu ita ce mafi amfani, kuma ita aka fi mantawa. A farkon layin makullin cikin authorized_keys ana iya rubuta sharuɗɗa:

restrict,from="203.0.113.10",command="/usr/bin/rrsync -wo -no-del /srv/ajiya/maradi" ssh-ed25519 AAAA... ajiyar dare daga sabar Maradi

Kalmar restrict, wadda ta zo a sigar 7.2 cikin 2016, tana rufe duk ƙarin abubuwan da SSH ke iya yi: ba tagar rubuta umarni, ba haƙa rami zuwa wasu injinan da ke bayan sabar, ba miƙa agent. Wannan ramin ba wasa ba ne, ta nan mai kutse kan bi ya kai ga rumbun bayanan da ba ya fuskantar intanet. Sharaɗin from yana cewa ko an zo da makulli daidai, in ba daga wannan adireshi ba, a kore shi. Shi kuwa command yana cewa duk abin da mai makullin ya nema, wannan umarni kaɗai za a kunna. A nan an ɗaure shi da rrsync, ƙaramar manhaja da ke zuwa tare da rsync mai kwafar fayiloli tsakanin injina, wadda ke tsare shi cikin folda guda. Alamar -wo na nufin rubutu kawai, ba ya iya karanto abin da ke can. Alamar -no-del na hana shi sharewa. Ɓarawon da ya sace wannan makulli ba zai ga lissafin bara ba, ba zai kunna komai ba.

Sharaɗin from yana da matsala a wurinmu. Ofisoshi da yawa da akwatin 4G suke shiga intanet, adireshinsu yana canzawa, sau da yawa ma mutane da dama ne ke fita da adireshi guda na kamfanin waya. In ka ɗaure makulli da adireshin yau, jibi ajiya ta tsaya. Mafita ita ce a shimfiɗa ramin sirri tsakanin sabar biyu da WireGuard, kowace ta samu adireshin cikin gida da ba ya canzawa, sai a rubuta shi a from. Wanda ba zai iya ba, ya bar from ya riƙe sauran biyun. Sun fi babu nesa ba kusa ba.

Akwai tambayar da ya kamata a yi kafin duk wannan: wa zai kira wa? In sabar Maraɗi ce ke turawa, makullin sirri yana kan injin da jama'a ke taɓawa kullum, wanda ya fi kusa da kamuwa. Masu manhajar garkuwa da bayanai, waɗanda ke kulle fayiloli su nemi fansa, sun san wannan sarai, abin da suke fara nema shi ne hanyar zuwa ajiya. Ko da -no-del, mai izinin rubutu yana iya danne fayil mai kyau da gurɓatacce mai suna iri ɗaya. In kuwa sabar ajiya ce ke zuwa ta ɗauka, makullin yana wurinta, a Maraɗi sai layin fili mai -ro, wato karatu kawai, kuma injin aiki ba shi da hanyar taɓa ajiyarsa ko kaɗan. Na fi son wannan. Cikasinsa shi ne dole sabar ajiya ta iya kiran ta Maraɗi, abin da ba ya yiwuwa a bayan akwatin 4G sai da ramin WireGuard da muka ambata, kuma dole a tsare sabar ajiyar da kyau don tana iya karanta na kowa. Inda turawa ta zama dole, sai a sa sabar Yamai ta riƙa kwafe abin da ya iso zuwa wata folda mai kwanan wata wadda makullin ba ya kaiwa.

Idan abokin hulɗa ne daga waje zai riƙa ajiye fayil, ko manhajarsa SFTP kaɗai ta sani, wato hanyar aika fayil ta cikin SSH, ana yin iyakar a sshd_config, fayil ɗin saitin SSH na sabar: Match User, sai ChrootDirectory da ForceCommand internal-sftp. Abin da ke kayar da mutane a nan ɗaya ne, foldar da aka tsare shi a ciki dole root ne mai ita, kuma ba wanda ke da izinin rubutu a kanta sai shi. Sai a yi masa ƙaramar folda a ciki wadda zai riƙa zubawa.

Duk bayanin nan kan yadda Yamai za ta gane Maraɗi ne. Ita Maraɗi fa, ta yaya za ta san Yamai ce ta amsa? Kowace sabar tana da nata makullin shaida. Karon farko da ka haɗu da ita, ssh yakan nuna zanen yatsanta ya tambaya ko ka yarda, ya rubuta a known_hosts. Kusan kowa yes yake bugawa ba ya dubawa. Cron kuwa ba ya iya amsawa, sai aikin ya mutu da "Host key verification failed", mai gyara ya gaji ya saka StrictHostKeyChecking=no. Da wannan ya ce wa sabar ta miƙa fayilolin ga duk wanda ya tsaya a hanya ya ce shi ne Yamai. Makullin sirri ba zai salwanta ba, amma albashin ma'aikata da sunayen abokan ciniki sun tafi hannun wani. Gyaran bai kai minti uku ba. Wanda ke gaban sabar Yamai ya buga

ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub

ka kira shi a waya ka ce, "Malam, karanto mini daga bayan SHA256," yana karantowa harafi bayan harafi, babba da ƙarami, kana bin naka da yatsa a kan allo. In sun yi daidai ka amsa. A yi wannan da asusun da cron zai yi aiki da shi, don kowane asusu da nasa known_hosts. Ranar da kuma gargaɗin nan mai manyan haruffa ya fito cewa shaidar sabar ta canza, a tambayi dalili kafin a share tsohon layi. Wani lokaci dalilin na gaskiya ne: a Maris 2023 GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya sauya makullin shaidarsa na RSA bayan rabin sirrin ya bayyana na ɗan lokaci a wani rumbu na fili, masu aiki da shi a ko'ina suka ga gargaɗin. Amma GitHub ya sanar, ya wallafa sabon zanen yatsa. Naka abokin aikin ma ya kamata ya sanar.

In an gama kuma sabar ta ci gaba da neman kalmar sirri, kusan kullum izinin fayil ne. Foldar .ssh ta zama 700, authorized_keys da makullin sirri su zama 600, gidan asusun kuma kada wani ya iya rubutu a cikinsa, in wani na iya rubutu a waɗannan a sabar da ake shiga, sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga, zai yi watsi da makullin bai gaya wa mai shiga dalili ba. Dalilin yana cikin rajistar sabar. Na biyu, layin makullin ya karye. Rabin fili ba laifi a tura shi ta WhatsApp, amma wajen kwafa da liƙawa yakan rabu gida biyu ko uku, ko waya ta mayar da alamomin zance masu lanƙwasa. Layi ɗaya tak ake so. Umarnin ssh -v yana nuna wane makulli aka miƙa da yadda aka amsa.

Layin da cron zai kunna yana iya zama haka:

flock -n /tmp/ajiya.lock rsync -az --partial-dir=.rabi -e "ssh -i /home/ajiya/.ssh/ajiya_yamai -o BatchMode=yes -o IdentitiesOnly=yes -o ServerAliveInterval=30" /srv/fitarwa/ ajiya@sabar-yamai:/

BatchMode yana hana shi tsayawa jiran amsa, in abu ya ɓaci ya mutu nan take a gani. IdentitiesOnly yana sa ya miƙa wannan makulli kaɗai, don sshd yakan katse bayan gwaji 6. Na zaɓi rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, a kan scp saboda rezo ɗinmu: abin da ya canza kaɗai yake aikawa, kuma da --partial-dir in layi ya yanke a tsakiyar babban fayil, zai ɗora daga rabin da ya riga ya isa. Shi kuwa flock yana hana aikin yau ya hau kan na jiya in na jiya bai ƙare ba. Alamar / ta ƙarshe, a ƙarƙashin rrsync, tana nufin foldar da aka yarje masa, ba tushen faifai ba. Rumbun bayanai mai aiki kuma ba a kwafe fayilolinsa kai tsaye, a fara fitar da shi da mysqldump ko pg_dump. Sannan a haɗa abin da zai aiko saƙo in aikin ya faɗi, ko ma in bai tashi ba sam.

Bayan makullai sun zauna, har na mutanen da ke kula da sabar, sai a rufe ƙofar kalmar sirri da PasswordAuthentication no. A yi hattara. Ka bar zama ɗaya a buɗe, ka gwada saitin da sshd -t, ka sake loda shi, ka shiga ta wata tagar kafin ka rufe ta farko. Wanda ke Maraɗi ya kulle kansa a waje alhali sabar tana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 ce ke gabansa, ko roƙon wanda ke can. A Ubuntu da Debian kuma ana fara karanta fayilolin sshd_config.d, abin da aka fara gani shi ke aiki, don haka wani ƙaramin fayil a can yana iya barin ƙofar a buɗe kana zaton ka rufe. Umarnin sshd -T yana nuna abin da ke aiki da gaske.

Saura abu guda da kalmar sirri ta fi makulli: ita ana tunawa a canza ta, shi kuwa ba ya tsufa. Layin da aka liƙa shekara bakwai da suka wuce yana buɗe ƙofa yau kamar ranar farko. A Mayun 2008 aka gano wani kuskure da ya shiga OpenSSL, manhajar lissafin tsaro, a Linux ɗin Debian tun 2006, wanda ya sa makullan da aka ƙera a wannan tsakani ba su wuce kusan 32,768 ba ga kowane nau'i da girma, har ana iya jera su duka a gwada. Waɗanda suka san inda makullansu suke sun sauya da wuri. Waɗanda ba su sani ba suka yi ta lalube. Ana iya sa wa layi wa'adi da sharaɗin expiry-time, kuma manyan cibiyoyi masu sabar da yawa suna amfani da takardun shaida na SSH, waɗanda OpenSSH ya kawo tun 2010, masu ƙarewa da kansu. Ga mai sabar biyu ko uku wannan ya yi yawa, kuma wa'adin da aka manta da shi ma yana kashe ajiya cikin dare. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne ya riƙa buɗe authorized_keys na kowane asusu duk bayan ƴan watanni, da kuma duk ranar da wani ya bar aiki. A nan bayanin -C ke biyan kuɗinsa. Layin da ba a san mai shi ba, a buga ssh-keygen -lf a kan fayil ɗin a fitar da zanen yatsansa, a neme shi a rajista, inda kowace shiga ke barin "Accepted publickey" tare da zanen yatsa da adireshin da aka fito. In bai bayyana ba, a sa masa # a gaba a bar shi wata guda, saboda aikin da ke tashi sau ɗaya a ƙarshen wata. In ba wanda ya kira, a share.